Sabuwar fistol: me ake yi mata kafin a rataya ta a ƙugu?

Tambayar ta fito daga wani matashin jami'in tsaro da aka dawo da shi aiki Ikeja daga Arewa. Ya ce an ba shi sabuwar fistol mai cin harsashi 9mm, ko sau ɗaya ba a harba ta ba, giris ɗin kamfani ma yana jikinta. Wasu abokan aikinsa sun ce sai ta ci harsashi ɗari biyar kafin ta saki jiki, wasu sun ce ya shafa mata baƙin mai ya rataya kawai. Yana son sanin wanne ne daidai.

Ƙanena, duka ɓangarorin biyu ba su faɗa maka daidai ba, ko da yake na farko sun fi kusa da hanya. Fistol ɗin zamani da aka ƙera domin aikin tsaro ba ta buƙatar a goge ƙarfenta da harsashi ɗari biyar kafin ta yi aiki. Harbin farko gwaji ne. Kana so ka tabbatar cewa wannan bindigar, da waɗannan magazin ɗin (gidan da ake jera harsashi a ciki), da irin harsashin da aka ba ka, da hannunka, sun jitu. Bindigar da ba a gwada ba, ko daga wane kamfani ta fito, zato kawai ake yi mata.

Kafin mu shiga, tun da ba jami'ai kaɗai za su karanta wannan ba: a dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta tun 1959 ne, fistol da libarba, wato bindigar hannu mai tulun harsashi da ke juyawa, suna cikin jerin makaman da aka haramta, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Sufeto Janar na 'yan sanda dokar ta ba shi ikon ba da lasisin irin bindigar farauta ne, kwamishinan 'yan sanda na jiha kuma na bindigar toka. Wanda aka kama da fistol babu izini, ɗaurin da doka ta tanada bai gaza shekara 10 ba. Ma'aikatan kamfanonin gadi masu zaman kansu ma dokar 1986 ta hana su riƙe bindiga. Saboda haka maganar nan ta wanda hukuma ta damƙa wa makami ce. Kuma kai ma da aka ba ka, bindigar ba taka ba ce: duk abin da ya wuce kwancewar yau da kullum da gogewa, aikin amora ne, wato mai kula da ma'ajiyar makamai. Kada ka kai ta wurin makeri ko mai walda a Agege ko Mile 12 ya ɗan gyara maka wani abu.

Fara da tabbatar da babu harsashi. Sabuwa ce, na sani, amma kamfanoni suna harba bindiga kafin su fitar da ita, kuma ta bi hannaye da yawa kafin ta iso gare ka. Jerin yana da muhimmanci: cire magazin tukuna, sannan ka ja silaid, wato marfin saman nan mai kai da komo, har baya ka kulle shi, ka duba ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin a harba, da ido, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Wanda ya fara jan silaid kafin ya cire magazin, ya fitar da harsashi ɗaya ya ɗora wani ne ba tare da ya sani ba, kuma harbin kuskure a ofis da bariki sau da yawa daga nan yake fitowa. Duk harsasai su bar ɗakin da kake aikin. Bakin bindiga ya kalli inda in ta tashi ba za ta taɓa kowa ba. Bangon katako ko bulo mai rami na gidan haya ba abin dogaro ba ne wajen tare 9mm. In akwai durom ko bokitin yashi a ƙofar ma'ajiya, domin wannan aka ajiye shi.

Sai ka karanta ɗan littafin da ya zo cikin akwatin, ka kuma gwada lambar da ke jikin bindigar da wadda aka rubuta a rajistar da ka sa wa hannu. A wasu bindigogin lambar tana kan gangar jiki da silaid da bututu, ka ga ko sun dace.

Kwancewar yau da kullum kashi huɗu take bayarwa: gangar jiki, silaid, bututu, da sifirin mai mayar da silaid tare da sandarsa. Na biyar shi ne magazin. Kada ka wuce nan. Yadda ake kwancewa ya bambanta daga wata irin fistol zuwa wata. A Beretta 92 ana danna wani maɓalli ne a juya ɗan hannu a gefe, silaid ya zame gaba. A Browning Hi-Power ana kulle silaid a baya a zare fil ɗin da ke riƙe shi. A Glock kuwa sai an ja kunama kafin silaid ya fita, shi ya sa wanda bai duba ɗakin harsashi da kyau ba yake harbin tafin hannunsa ko cinyarsa a daidai lokacin da ya zauna gogewa.

Abin da kake gani a jikinta mai danƙo, ba man aiki ba ne. Mai ne na kare tsatsa, an shafa shi domin doguwar tafiya a jirgin ruwa da zaman sito. Yana da kauri, yana kama ƙura, yana rage saurin silaid, kuma in ya taru a ramin allurar da ke dukan gindin harsashi sai dukan ya yi rauni, ka ja kunama ka ji ƙyas babu ƙara. Dole a share shi. Banda guda ɗaya: Glock tana zuwa da wani giris mai launin jan ƙarfe a cikin silaid, kamfanin da kansa ya ce a bar shi ya ƙare da kansa.

Kayan aikin ba su da yawa: sandar goge bututu, burushin tagulla daidai 9mm, tsohon burushin haƙori, 'yan ƙyallayen auduga masu tsabta da aka yanka ƙanana, ruwan wanke bindiga, da man bindiga. Tsohuwar singileti fara ta fi komai, domin tana nuna maka dattin da ke fita. Jiƙa ƙyalle da ruwan wankin ka tura shi cikin bututu daga baya, ta ɗakin harsashi, ya fita ta baki. Ana farawa daga baya ne domin gefen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da ke taɓa harsashi, in sanda ta ci shi saiti ya lalace. Bi da burushi sau biyar ko shida, kowane karo ya fita gaba ɗaya kafin ka dawo da shi, kada ka juya shi a tsakiya. Sai busassun ƙyallaye har ɗaya ya fito fari. Ɗaga bututun ka duba shi a haske: ka ga tsagin da ke murɗe a ciki sarai, babu tsatsa, babu ɓurɓushin ƙarfe, babu wani abu da ya toshe. Goge ɗan gangaren da harsashi ke hawa ya shiga ɗaki, ya zama santsi. A silaid, goge fuskar da gindin harsashi ke jingina, da ƙarƙashin ƙugiyar da ke fizgo kwanso, wato ɓawon harsashi da ke saura bayan an harba. Yayin da kake goge wannan fuskar, riƙe silaid bakinsa yana kallon ƙasa, domin ruwan wankin kada ya gangara cikin ramin allura.

Tun bututun yana hannunka, a waje da bindiga, akwai gwaji mai sauƙi da za ka roƙi amora ku yi tare. Riƙe shi ɗakin harsashi na sama, a saki harsashi ɗaya ciki. Ya kamata ya faɗa da nauyinsa ya zauna, in an kife bututun ya faɗo da kansa. In sai an danna shi, ko dai akwai sauran giris a ɗakin, ko harsashin ya kumbura, ko ba nata ba ne.

Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin abin da ake kira 9mm ba iri ɗaya ba ne. Akwai 9x19, wanda ake kuma kira Luger ko Parabellum, shi ne na yawancin fistol ɗin aiki. Akwai 9x18 na Makarov, ya fi guntu kuma kansa ya ɗan fi kauri. Akwai 9x17, wanda Amurkawa ke kira .380. A ido, a tafin hannu, suna kama da juna. Abin da aka buga a jikin bututu da abin da aka buga a gindin kwanso su ne hujja, ba maganar wani ba.

Yanzu batun mai, inda mutanenmu suka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Fistol ba injin Lista ba ce. Ɗigo biyar zuwa shida ya isa bindigar gaba ɗaya: ɗigo ɗaya a kowane layin da silaid ke gudu a kai, a baza shi, ɗaya a jikin bututu ta waje a shafe da yatsa, ɗaya a saman ɗakin harsashi inda yake gogar cikin silaid, ɗaya a ƙasan bututu inda yake kullewa, ɗan kaɗan a mahaɗar kunama. Beretta da Browning, da yake ƙarfe ne ke gudu kan ƙarfe a dogon layi, suna son mai fiye da masu gangar roba, amma ko su ƙyalli ake so a gani, ba tsiyaya ba. In ka mayar da silaid ka ja shi mai yana fantsama, ka yi yawa, goge. Wurare uku mai ba ya shiga: ramin allura, cikin magazin, da jikin harsashi. Mai yana iya ratsawa ya kashe ɗan maɓallin da ke gindin harsashi, kuma ɗakin harsashi mai jiƙe yana hana kwanso kama bango lokacin tashi, sai ƙarfin ya koma baya kan silaid. Cikin bututu ana shafa mai siriri in za a ajiye, a bi da busasshen ƙyalle kafin harbi.

Baƙin man da abokanka suka ce, in tsoho ne da aka juye daga mota, cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da toka, kamar ka shafa mata yashi ne. Sabon man inji zai iya tsayawa na kwana biyu in babu komai, amma ba shi ne tsari ba. Man ja da man gyaɗa suna daskarewa su zama danƙo su manne sassa. Fetur haɗari ne kuma yana busar da ƙarfe ƙarƙaf ya bar shi ga tsatsa. Feshin WD-40 yana korar ruwa, yana da amfani in ruwan sama ya dake ka, amma bai isa man aiki ba, kuma ba a fesa shi kusa da harsashi.

Magazin fa, kada ka raina shi. Mafi yawan cijewar fistol daga magazin take, ba daga bindigar ba. Zare murfin ƙasa a hankali, domin sifirin yana iya tsalle ya sami ido, ka goge cikin da busasshen ƙyalle, ka lura da yadda sifirin ya fuskanta kafin ka fitar da shi domin ka mayar daidai. Dubi leɓɓan sama biyu da ke riƙe harsashi: babu lanƙwasa, babu tsagewa. Sa wa kowane magazin lamba a ƙasa da fenti ko maka, 1, 2, 3. Amfanin lambar zai fito a filin harbi. Sabon magazin yana da taurin sifirin, harsashi biyun ƙarshe sai da ƙarfin babban yatsa. Wannan ba aibi ba ne. Barinsa cike na 'yan kwanaki yana ɗan sassauta shi, kuma ba ya lalata shi. Abin da ke gajiyar da sifirin shi ne yawan matsewa da saki, ba zama a matse ba.

Bayan ka haɗa, gwada ta babu harsashi. Ja silaid ka sake shi sau da yawa, ya rufe har ƙarshe ba tare da tsayawa ba. Ja kunama ka riƙe ta a baya, ja silaid, sannan ka saki kunamar sannu a hankali har ka ji ɗan ƙyas: ta koma mazauninta ke nan. Sa magazin maras komai ka ja silaid, ya kamata ya tsaya a buɗe. Danna maɓallin magazin, ya faɗo. In tana da sefti, wato makullin da ke hana ta tashi, sa shi ka ja kunama, kada komai ya motsa. In Browning Hi-Power ce kada ka firgita in ta ƙi tashi babu magazin a ciki, haka aka ƙera yawancinsu. Akwai kuma dabarar fensir: sa fensir mai roba a gindi cikin bututu, robar tana ƙasa, bakin bindiga na kallon sama, ja kunama. In fensirin ya yi tsalle, allura tana duka.

Jan silaid da hannu sau ɗari ko ɗari biyu a irin wannan zama yana ɗan laushe inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, kuma yana koya wa hannunka bindigar. Jan kunama babu harsashi ba ya cutar da yawancin fistol na 9mm, amma in za a yawaita, harsashin roba na atisaye ya fi, musamman a irin CZ 75 inda ɗan fil ɗin da ke tare allura yake shan dukan. Abu biyu kada ka saba da su: sakin silaid ya buga da ƙarfi kan ɗaki maras komai ba dalili, da jefa harsashi cikin ɗaki da hannu sannan a saki silaid a kansa. Na biyun yana tilasta wa ƙugiya ta tsallake gindin kwanso, da sannu sai ta gutsure. Harsashi daga magazin yake shiga.

To, filin harbi. A filin da hukumarka ta amince da shi, ƙarƙashin jami'in fili, da abin toshe kunne da tabarau. Ƙarar 9mm tana kaiwa wajen desibel 160, kuma abin da ya haura 140 yana iya ɓata ji a take. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Ba a gwajin bindiga a bayan bariki, balle harbi sama. A gari mai cunkoso irin Legas harsashin da ya hau sai ya sauko kan rufin wani ko kan ɗan wani.

Tsaya a mita bakwai. Magazin na farko sa harsashi ɗaya tak. Harba, ka ga kwanso ya fita, silaid ya tsaya a buɗe. Na biyu sa guda biyu. Dalili shi ne, in akwai aibi a mahaɗar kunama wanda zai sa ta yi ta tashi da ja ɗaya, gara ka gano shi da harsashi biyu da ka gano shi da goma sha biyar. Sai biyar, sai cikakke. Ɗebi kwanson farko guda uku ko huɗu ka duba: alamar allura a tsakiyar gindi, mai zurfi daidai, babu huda; jikin kwanso babu kumburi babu tsagewa. Lura kuma da inda suke faɗuwa. Lafiyayyar bindiga tana jefa su gefen dama, kusan wuri ɗaya. In suna zubowa a ƙafarka ba ƙarfi, ko suna dukan goshinka, wani abu na faɗa maka magana.

Sau da yawa abin da yake faɗa shi ne sabon sifirin ya fi ƙarfin harsashin. Kan harsashin 9x19 yana zuwa da nauyi uku da aka fi sani: giren 115, 124 da 147, wato wajen giram 7.5, 8 da 9.5. Fistol ɗin aiki da yawa an auna sifirinsu da mai 124 irin na soja, wanda yake da ƙarfi. In aka fara ta da mai 115 mara ƙarfi alhali sifirin bai saki ba, silaid ba ya kaiwa ƙarshen baya, sai kwanso ya maƙale a tagar silaid da yake fita ta cikinta, yana tsaye. Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin maganar sakin jiki, kuma yawanci tana wucewa cikin harsashi hamsin zuwa ɗari. Akwai bindigogin da masu ƙera su suka ce lallai a yi: kamfanin Kahr ya ce harsashi 200, wasu masu ƙera fistol samfurin 1911 mai matsatstsen haɗi suna cewa har 500. Mai yiwuwa daga can lambar ɗari biyar ta samo asali, sai aka yafa ta a kan kowace bindiga.

Kafin ka zargi bindiga, zargi wuyan hannunka. Silaid yana buƙatar gangar jiki ta tsaya cak domin ya yi gudu a kanta. In riƙon ya yi sako-sako, bindigar gaba ɗaya ce ke ja da baya, silaid ya rasa ƙarfi, ta cije. Riƙe ta sama sosai, hannu biyu, wuyan hannu a kafe. Ka kuma kula da babban yatsa: in yana kwance kan abin kulle silaid, ba zai tsaya a buɗe bayan harsashin ƙarshe ba, in yana tura shi sama zai tsaya alhali da sauran harsashi. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: miƙa wa ƙwararren maharbi ya harba magazin ɗaya. In ta yi masa lafiya, gyaran naka ne.

Rubuta kowace cijewa: harsashi na nawa, magazin mai lamba nawa, wane irin harsashi, yaya ta cije. In duk matsalar tana biyo magazin 2, ka sami mai laifi, mayar da shi ma'ajiya. In harsashi yana dungurar gangare bai hau ba, dubi leɓɓan magazin da tsabtar gangaren. In kwanso ya zauna a ɗaki wani harsashi ya taho ya dunguri bayansa, ƙugiya ce ko ɗaki mai datti; wannan sai an kulle silaid a baya, an fizge magazin, an ja silaid sau biyu ko uku. In silaid ya rage kaɗan ya rufe, yawanci ƙarancin mai ne ko kana raka shi da hannu maimakon ka sake shi.

Akwai biyu da ba a gaggawa a kansu. In ka ja kunama ka ji ƙyas babu ƙara, bar bakin yana kallon abin harbi, ƙirga daƙiƙa talatin, domin tsohon harsashi ko wanda ya sha danshi yakan yi jinkirin tashi. Sannan ka fitar da shi ka dubi gindinsa: alama mai zurfi, laifin harsashi ne, alama sama-sama, dubi ramin allura. Na biyu ya fi muni. In ka ji ƙara 'yar ƙarama, fus, bugun hannu ya yi rauni, hayaƙi ya fito ba yadda aka saba ba, tsaya nan take. Mai yiwuwa albarushin bai kama ba kuma kan harsashin ya tsaya a tsakiyar bututu. Wanda ya ja silaid ya harba na biyu a kansa, bututu zai kumbura ko ya fashe a hannunsa. Cire magazin, kwance, duba bututu, a fitar da shi da sanda a wurin amora.

Bayan hamsin na farko ka dakata, ka kwance, ka goge. Za ka ga wurare sun fara ƙyalli inda baƙin fenti ya ɗan goge, a bayan bututu da kan layuka. Ba lalacewa ba ce, bindigar ce ke nuna maka inda take son mai. Abin da ba a so shi ne tsagewa, fil da ya fara fitowa, saiti mai motsi, ko ƙarfe da ke tattarewa kamar an daka shi.

Saiti ka bar shi sai kun saba. Jingina hannu kan buhun yashi, harba biyar a mita 10 ko 15, ka ga inda suka taru. Na-dama da harbinsa ke sauka ƙasa ta hagu, kusan kullum fizgar kunama yake yi, ba saiti ne ya karkace ba. In ƙwararre ma ya harba sun taru gefe ɗaya, sai amora ya matsar da saitin baya zuwa ɓangaren da ake so harsashi ya koma.

Nawa ne ya isa? A ra'ayina, 200 a jere babu cijewa, an bi ta kowane magazin, kuma aƙalla hamsin daga ciki irin wanda za ka riƙa ɗauka ne a bakin aiki. Amma mu faɗi gaskiya, a wurin aiki harsashi ƙirgagge ne, ana sa hannu a karɓa, ana mayar da kwanso, kuma ba kowa za a ba ɗari biyu ba. Kada wannan ya kai ka sayen harsashi a bayan fage. Laifi ne, kuma ba ka san shekarunsa ko inda ya kwana ba. In talatin ko hamsin ka samu, kashe su da lissafi: ɗaya, biyu, sannan kowane magazin a cike shi taf a harbe shi har ƙarshe, domin na farko a cikakken magazin da na ƙarshe su ne suka fi cijewa. Bar biyar ka harba da hannu ɗaya, nan ne raunin bindiga yake bayyana. In ta cije fiye da sau ɗaya ko biyu a wannan ɗan adadin kuma ba daga hannunka ba, rubuta rahoto ka mayar, kada kunya ta sa ka rataya ta.

In libarba aka ba wani, aikinsa ya fi sauƙi: ba ta da sakin jiki. A share giris daga kowane rami na tulun, a tabbatar yana kullewa daidai da bututu a kowane ja, sandar fitar da kwanso ba ta kwance ba, ƙarƙashin tauraron da ke turo kwanso kuma a bushe yake.

Sai abin da ya fi shafarka, kai da ka zo daga Arewa. A Kano ko Katsina abokin gabar bindiga ƙura ce, a Legas tsatsa ce. Danshin iska a nan yakan haura kashi 80 cikin ɗari, damina tana ja daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma wanda ke aiki a Apapa, Lekki ko Badagry yana cikin iskar gishiri. Ƙara da gumin jiki a cunkoson gadar Third Mainland. Al'adar da ka taho da ita ta barin bindiga kusan a bushe ba za ta yi ba. Kowace rana bayan tashi daga aiki, shafe bayanta da ƙyalle mai ɗan mai, musamman gefen da ke jingina da jiki, maɓallin magazin, saiti, sukurorin mariƙi da jikin magazin. Kwancewa da dubawa sau ɗaya a mako ko da ba a harba ba, da kuma duk ranar da ruwa ya taɓa ta. Kada ta kwana cikin kuben fata, fata tana riƙe danshi. Haka soson cikin akwatin da ta zo da shi. Fitowa daga ofis ko mota mai sanyin na'ura zuwa zafin waje yana sa raɓa ta kwanta a ƙarfe, har ciki. 'Yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi suna da amfani a inda ake ajiye ta. In hunturu ya leƙo a Disamba da Janairu, rage mai kaɗan, ƙara gogewa.

In harsashin da aka ba ku tsohon ajiyar soja ne, wasu irinsa suna barin gishiri a bututu, kuma mai ba ya narkar da gishiri. A wanke bututun da ruwan zafi a ranar, a busar sarai, sannan a shafa mai. A iskar Legas kwana ɗaya ya isa ya yi ja.

Kuben ma a gwada shi da bindiga maras harsashi: ya rufe kunama gaba ɗaya, ya riƙe ta in ka sunkuya ko ka yi gudu, bakinsa kada ya lanƙwashe ya shiga gaban kunama wajen mayarwa. Cusa fistol a ƙugun wando babu kube hanya ce ta harbin kai.

Harsashin da kake ɗorawa kana saukewa kullum wajen karɓa da miƙa aiki, kada ya zama guda ɗaya ne kullum. Duk hawan da ya yi kan gangare yana ɗan tura kansa cikin kwanso, wurin albarushi ya ragu, matsin tashi ya ƙaru. Jera shi kusa da sabo a kan tebur; in ya fi guntu, mayar wa amora. Ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta adadin da bindigar ta ci, domin sifirin mai mayar da silaid yawanci ana canza shi tsakanin harbi 3,000 zuwa 5,000. Bayan kowane harbi da gogewa kuma, wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi kafin cin abinci ko ɗaukar yaro, saboda dalmar da ke cikin toka.